Fadamar Cikin Randa

Randar nan ta tsage ran sunan Ɗanlami,
aka ce a kai ta juji.
Na ce a bar mini kayata.
Tsagar gindi ba aibi ba ce wurin mai shuka:
ta nan ruwa ke samun hanyar fita,
saiwa ba ta son kwana a jiƙe.

Ni ne fa Tambai na Harbo,
shekara arba'in ina jan jigo a fadama,
albasata ta sha hawa jaki zuwa Gujungu.
Yau gwiwa ta ce iyakarta zaure.
Na yi mata magiya, na shafa mata man shanu, ta ƙi.
Na ce to, ai ba a rantse ba
cewa gona ba ta zuwa gida.

Jikata Lantana ta ɗebo ƙasa a gindin tsamiya,
na cuɗa da takin awaki wanda ya kwana biyu ya huce,
don ɗanye wuta ne,
tafi biyu na toka, rairayi kaɗan.

Ɗoɗɗoya ta shiga randa, ita ce babba.
Na'ana'a kuwa ba ta da kunya,
in ka ba ta masauki sai ta kori mai gida,
na ware mata bokitin da hannunsa ya ɓalle
ta yi ta faɗa da ƙarfe.
Lansir a kaskon da ya huje.
Lawashi a jarkar manja
wadda Ilu ya raba mini biyu da wuƙa.
Barkono guda ɗaya tal a gwangwanin madara,
ya miƙe yana harare-harare
kamar shi aka ba gadin gidan.

Shukar farko ba ta yi rai ba.
Lantana ta tausaya musu da ruwan wanki,
kumfa ta gama da su kafin la'asar.
Ta yi kuka. Ni ma na juya baya na gyara hula.
Tun ranar muka yi doka:
abin da ya zuba daga butar alwala, nasu ne.
Ina tsugunawa a gefensu sau biyar,
ni in tsarkaka, su su sha.

Ta biyu, akuyar Tabawa ce.
Ta shigo ba sallama,
ta aske lansir tas kamar wanzami,
ta fita tana tauna tana kallona.
Yanzu kaskon yana bisa turmin da aka kife,
ƙayar bagaruwa ta zagaye sauran.

Hantsi nasu ne, su sha ranarsu.
Da azahar muna jan su inuwar rumbu,
Lantana na ja, ni ina ba da umarni.

Jiya Jatau ya zo, abokin fadama,
ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Tambai, wannan gonar zakka nawa take fitarwa?"
Na ce, "Zakkarta ƙamshi,
kuma tun safe ta riga ka isa gidanka."
Ya sha shayi kofi biyu, ganye na yawo a ciki.
Da zai tafi na ga reshen na'ana'a
yana leƙowa daga aljihunsa.
Ban ce komai ba.
A fadama ma haka yake yi mini da irin tumatir.

Yamma ta yi, ina tsinke kan ɗoɗɗoya
kafin ta yi fure ta manta da ganye.
Duk inda na tsinka, biyu ke fitowa.
Reshe ɗaya na bari ya tsufa ya yi ƙwaya,
zan ƙulle wa Lantana a tsumma.

Daga nan ba na hango fadama.
Amma da na ɗaga hannu bayan magariba
sai na ji ta a yatsuna.